Mai Lema a Gefen Farin Bango

Ni ba da lamba nake riƙe shekaru ba, da abin da ya faru a cikinsu nake riƙe su. An kawo ni Fagge a damina ta biyu bayan mutanen Sabon Gari sun fara dawowa daga garuruwansu suna buɗe shagunan da suka bari a kulle, tun ba a canza kuɗi an daina cewa sule ba, shekarar da rijiyar bayan gidanmu ta rufta da guga biyu a cikinta. Wanda ya ga waɗannan ya san lokacin da nake nufi. Wanda bai gani ba kuwa, ko na ba shi lamba ba abin da za ta ƙara masa.

Gidan da aka kawo ni gidan gado ne, 'yan'uwa uku maza kowa da matarsa, ga mahaifiyarsu, wadda duk muke ce wa Inna. Maigidana shi ne ƙarami, saboda haka ni ce ƙarama a cikin matan, kuma sunan Amarya ya bi ni har na aurar da 'ya. Inna a lokacin yanar ido ta rufe mata gani, haske da duhu kawai take bambancewa, amma kunnenta na jin faɗuwar allura. Tana zaune a kan buzunta a ƙarƙashin rumfa za ta ce, "Wannan taɓaryar ba ta kai gindin turmi, wace ce ke wasa da hatsina?" Duk aikin da ke da hawa da sauka kuma na ƙarama ne. Ni ke hawa tsani da faifan kuɓewa da barkono in shanya a saman soro da hantsi, ni ke komawa in kwashe idan an yi magariba, tare da zannuwan da suka bushe.

Ku na yanzu ba ku san yadda gari yake yin shiru har a ji shi ba. A saman soron nan, da an sallame magariba, sai ka ji jirgin ƙasa yana kuka can wajen tasha, ka ji luguden wasu da suka makara da daka, ka ji ƙararrawar cocin Sabon Gari ranar da suke bugawa, ka ji mai kananzir yana ja wa kiransa wutsiya. Yanzu in na zauna a ƙofar ɗaki ba abin da nake ji sai janareto da hon ɗin masu adaidaita. Sannan a bayan duk wannan, da an idar da isha, sai wani kiɗa ya taso daga gabas, mai siririyar murya kamar zare, mace tana waƙa da harshen da ban taɓa ji ba. Gidan silima ne a tsallaken titi, tsakaninmu da Sabon Gari. Ba shi da rufi, katanga ce doguwa ta kewaye shi, a ciki akwai wani farin bango da ake haska hotuna a jiki. Macen aure ba ta zuwa wurin, ko sunansa ba ta kamawa a gaban manya.

Wata rana na yi jinkirin kwashe shanya saboda tuwo ya riƙe ni. Na hau a gurguje, na sunkuya zan ɗauki faifai a kusurwar soro, ina ɗagowa sai na ga mutum a tsaye a sama, tsawonsa ya kai na gida. Saura kaɗan in saki barkonon mutane. Ashe daga wannan kusurwar, ita kaɗai, ana hango farin bangon. Ba duka ba. Wata ƙatuwar darbejiya ta rufe tsakiyarsa, ɗakin mai haska majigi ya rufe sauran, abin da ya rage mini ɗan gefe ne na hannun hagu, in aka kwatanta da dukan bangon bai fi faɗin ƙyaure a jikin katanga ba. A cikin wannan ƙyauren mutumin yake tsaye. Siriri ne, kunnuwansa a buɗe, da ɗan gashin baki kamar an ɗiga tawada, hularsa ta yi masa kaɗan. Ruwa na zuba a kansa. Ga lema a hannunsa, amma bai rufa wa kansa ba, ya miƙa hannun can cikin darbejiya, inda ba na gani. Na tsaya ina kallonsa yana jiƙewa, na ce a raina, wace ce wannan da namiji zai sha ruwa haka dominta?

Washegari muna tsinkar zogale a ƙarƙashin rumfa, bakina ya ƙi riƙewa. Na ba da labarin. Na zaci Inna za ta yi mini faɗa, sai ta juyo da fuskarta wajena ta ce, "To, ita yarinyar fa, ta karɓi lemar?" Ban ga yarinya ba, ban ga komai ba sai hannunsa da ya shige cikin ganye. Amma ni jikar mai tatsuniya ce, kakata mata daga unguwa uku suke zuwa jin bakinta. Na ce, "Ba ta karɓa ba, Inna, kunya ta hana ta, amma ta matso." Inna ta gyara zama ta ce, "'Yar mutunci." Daga ranar aka sa masa suna Mai Lema, kuma daga ranar babu wadda ta sake tambayar dalilin da kwashe shanya yake ɗaukar Amarya lokaci.

Fim ɗaya sai ya kwana uku ko huɗu ana maimaita shi, saboda haka nakan haddace duk motsin mutumin. In aka sauya, wani lokaci ya ɓace mini sati biyu, sai dawakai da duwatsu da rabin fuskokin mutane ke wucewa ta ƙyaurena. Sannan wata rana sai ga shi. Yau yana ɗauke da tire na shayi, wani watan ya zama wanzami da almakashi a bayan kunne, gaba kuma ɗan sanda ne wandonsa na zamewa. Ni ban san ana sauya labari a bar mutum ba. A ganina rayuwa ɗaya ce doguwa, kuma haka na ba da ita. Na ce an raba shi da yarinyar ne an tafi da ita wani gari, shi ya sa yake bin duniya yana sauya sana'a, ko Allah zai sa ya shiga gidan da take. Waƙar da ke tashi, na ce ita ce take kiransa daga bayan itace. Duk sanda ya fito ina jin mazan da ke ciki sun kece da dariya gaba ɗaya, na ce murnar ganinsa suke yi, mutum ne mai farin jini. Akwai kuma abin da yake yawan yi. Sai ya shige cikin darbejiya, can a ji ƙara, sai ya dawo gefena da sauri, hannunsa dafe da kunci, ido a waje. Na ce tagumi ne, ya leƙa bai same ta ba.

In na kai nan Inna takan daina jan carbi. "Allah sarki," in ji ta. "Ki ce masa ya rage tunani, yana rama mutum."

Sai da ta kai maƙwabta suna aiko 'ya'yansu mata da kwanon aro don kawai su tambaya ko an fara. Matan layinmu su shigo da kitsonsu rabi, da saƙar hularsu, su cika rumfar. Ni kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya yi girma. Yarinyar da ba ta san bihim ba, ga matan malamai sun yi shiru suna jiran ta buɗe baki. Na iya muryoyi, na iya tafiyarsa, har waƙar nakan rera da kalmomin da na ƙirƙira, su kuma su amsa. Inna, wadda da ba ta cin abin kirki da rana, sai ga shi tana cewa a zubo mata ƙari kafin a fara. Da hantsi ya yi za ta ce, "Amarya, jiya ina mutuminmu ya kwana?"

Muna cikin haka har damina ta zagayo sau biyu. Rannan ƙanen babbar facalata, wadda duk gidan ke ce wa Yaya, ya zo gaishe ta. Magidanci ne, direban kiya-kiya, ba ya fashin silima. Yana tsugune a bakin ɗakinta yana shan fura, ni kuma ina tsakiyar labari, na dafe kunci ina nuna tagumin Mai Lema. Sai ya ƙware. Ya yi ta tari yana dariya har fura ta fito masa ta hanci. Bai ce mini komai ba, ya san girman gidan, amma da Yaya ta raka shi zaure ta dawo, na ga bakinta cike da magana.

"Amarya," ta ce, tana gyara ɗaurin zani, "wai ashe mutumin naki boyi ne."

"Wane mutumin?"

"Mai kunnuwan. Ya ce duk Kano Sha-Mari ake ce masa. Aikinsa ke nan, ya yi wauta a wanke shi da mari a yi dariya. Tagumin nan da kike sa mu hawaye a kai, zafin mari ne."

Wata maƙwabciya ta tuntsire. Wata ta ce, "Kai, shi ya sa nake jin tas kafin a yi dariyar." Yaya ba muguwa ba ce, tsokana ce da ita, amma ta samu abin yi. "Yarinyar ma," ta ce, "ya ce babu wata yarinya. Ta wani saurayi ce, mai gashi."

Na ce ƙarya ne, direba me ya sani ban da cika mota. Amma babu wadda ta yarda da ni. Ɗaya bayan ɗaya suka tattara kitsonsu. Kwana uku ban hau soro ba sai da rana tsaka, kwana uku rumfa ba kowa, kwana uku kwanon Inna yana dawowa kamar yadda aka kai shi. Abin da ya fi cina ba dariyar ba ce. Tsohuwa makauniya ta ba ni kunnenta shekara biyu, ban sani ba ko ƙarya na yi ta zuba mata.

A rana ta huɗu ta kira ni ɗakinta, ta ce in sakaya ƙofa.

"Ke kin taɓa ganin bangon nan duka?"

"A'a, Inna."

"To je ki gano. Matar nan mai ɗinki ai suna zuwa ita da mijinta. Ki ce ta kai ki."

Na ce, "Inna, in aka gan ni fa? In ya tambaya fa?"

"In ɗana ya tambaya, ni na aike ki. Ni na haife shi, ba shi ya haife ni ba."

Matar da take nufi Maman Uche ce, tela daga Sabon Gari, wadda ke zagaya gidajenmu da tef a wuya tana auna mata riguna. A Kano aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan birni, kuma tun rigar sunan ɗana na fari muka ƙulla ƙawance. Da na gaya mata sai ta riƙe haɓa ta dube ni sama da ƙasa. "Da wannan mayafin? Tun daga ƙofa za a kai labari gidanku." Ta kai ni shagonta, ta ɗaura mini zani biyu irin nasu, ta sa mini farar riga mai leshi, ta naɗa mini gwaggwaro har sai da na sunkuya kafin in fita. Ta ce, "Daga yanzu ke ƙanwata ce da ta zo daga gida, ba kya jin Hausa. Ko an taka ki kada ki ce wayyo." Mijinta na gaba, mu biyu muna baya.

Ciki warin taba ne da gyaɗa da zufar maza. Muka zauna a kujerun baya. Sama a buɗe, taurari sun fara fitowa. Da aka haska bangon sai na riƙe hannun Maman Uche, don ban san duniya tana da faɗi haka ba. Ga duwatsu da furanni har iyakar gani, ga gida mai matakala kamar ba za ta ƙare ba, ga yarinya mai gashi har gadon baya, ga wani kyakkyawan saurayi a tsakiya wanda ban taɓa ganin ko kafaɗarsa sosai ba, ashe shi ne mai labarin. Na yi ta neman mutumina. Can sai ga shi ya shigo daga hagu, a bayan wani ƙaton attajiri mai tumbi, yana ɗauke masa da akwati. Wurin ya ɗauka gaba ɗaya, "Sha-Mari, Sha-Mari." Aka yi ruwa, ya buɗe lema ya miƙa. Attajirin yake rufa wa. Ya yi tuntuɓe, ruwan lemar ya zubo wa attajirin a wuya, attajirin ya juyo ya ɗauke shi da mari. Ƙarar nan da nake ji daga soro. Ya yi baya da sauri zuwa gefe, dafe da kunci. Maza suka yi ta buga benci. Ni kuwa sai na ji kuncina ya ɗau zafi.

Maman Uche ta sunkuyo ta raɗa mini, "Kada ki yi kuka, kwalliyata za ki ɓata. Kin ga saurayin can? Bara wani ne, baɗi ma wani za a kawo. Wannan kuwa tun ina budurwa yake nan. Mijina in ya duba hoton ƙofa bai ga kunnuwan nan ba, cewa yake mu koma gida."

Sai aka fara waƙa. Saurayi da budurwa suka shiga tsakiyar bango suna zagaya itace, duk idon da ke wurin ya bi su. Ni idona ya riga ya saba da hagu, shekara biyu can yake kwana, sai ya koma can da kansa. Mutumin yana nan a tsaye a gefe. Ba mai kallonsa, ba a bukatarsa, amma bai daina ba. Ya sauke hannu daga kuncin a hankali. Ya karkaɗe lemar, ya naɗe ta da kyau, ninki bayan ninki, kamar kayan da shi ya saya. Ya gyara 'yar hularsa. Sannan ya dubi masoyan nan biyu da wata irin fuska, ba ta wawa ba, fuskar mutumin da ya san daɗin abin da yake kallo kuma ya san ba nasa ba ne. Na duba dama da hagu, babu wanda ya gani. Daga nan ya ɗaga kai ya dubi sama ta wajen hagu. Na waiwaya na bi inda yake duba. Sai ga darbejiya baƙi ƙirin, ga kusurwar soronmu a bayanta, ga zanena da na manta a kan igiya iska tana kaɗa shi.

Washegari da hantsi ni da kaina na aika a kira matan layi. Suka zo, har waɗanda ba su saba zuwa ba. Na tsaya, ban zauna ba. Na ce Yaya ta yi gaskiya. Boyi ne. Attajiri yake riƙe wa lema. Marinsa ake yi, kuma ba yarinyar da ke jiransa a bayan darbejiya. Ban faɗi yadda na sani ba, su ma ba su tambaya ba, sai dai na ga Yaya tana kallon sawun gwaggwaro a goshina. Ta ce, "Ni fa wasa nake yi, Amarya," muryarta ta yi ƙasa.

Inna ta ce, "Da aka mare shi, sai ya yi me?"

Na gaya mata. Yadda ya sauke hannu, yadda ya naɗe lemar, yadda ya gyara hula, da fuskar nan. Na yi mata shi a hankali, duk da ba ta gani, don na san tana jin motsin zanena.

Inna ta ajiye carbinta. Sannan ta ce, "Ku duka ba wadda ta riski mahaifin mazajenku sai babbarku, ita ma a ƙarshe. A kasuwar Kwari ya yi aiki, wurin wani Balaraben Sham mai kantin atamfa. Shi ke buɗewa, shi ke rufewa, shi ke ɗaukar dila. In baƙi suka zo, Balaraben ya kira shi ya sa shi ya maimaita wata kalma ta harshensu da ba ya iya faɗa, su yi ta dariya, shi ma ya taya su. Na sani, don an sha kawo mini labari wai in ji haushi. Amma in ya dawo gidan nan, ya tuɓe rigarsa ya ninke ta, ya ɗora hula a kai, ba mai yin tari sai ya sha ruwa. Je ki Kwari yau ki tambaya, sunan Balaraben za a gaya miki." Ta laluba ta samo carbinta. "Saurayin nan mai gashi yana da gari guda masu kallonsa. Ke ki koma soro. Yaya, zubo mini abincin nan, ya huce ma ba komai."

Na koma soro. Labarin ya sauya, amma bai mutu ba. Yanzu ina sa marin a ciki, in yi ƙararsa da tafi, mata su yi dariya har da riƙe ciki, Yaya ta fi kowa. In dariyar ta lafa sai in ce, to ga abin da ya yi bayan kowa ya kau da kai. Nan rumfar take yin tsit. Maman Uche in ta zo awo ta kawo mini abin da ya faru a tsakiya, ni in ba ta na gefe, ta ce wallahi ita da ta biya ta shiga ba ta ga wannan ba.

A kusurwar nan na ga mutumin ya tsufa. Siririn nan ya yi ƙiba, kunnuwan suka daina fitowa sosai. Ya bar ɗaukar akwati ya zama abokin saurayi mai ba da gurguwar shawara, ya zama kawu mai son abinci, ya zama mai gadi da sanda yana gyangyaɗi. Marin ya ragu, dariyar ma ta ragu, don an kawo wasu samari masu wautar da ta fi tasa ƙara. Inna ta rasu shekarar da na yaye 'yata ta uku. Daren da za ta cika ba ta tambayi Mai Lema ba, ta Ubangijinta take yi, amma kwana biyu kafin nan ta ce in gaya mata ko ya samu hular da ta yi masa daidai. Ganina na ƙarshe da shi, kansa ya yi fari fat, yana zaune a kan kujera a can gefe, ana biki a tsakiya. Ba a ba shi abin faɗa ba. Yana tafi a hankali, yana bin kiɗan da kai. Bayan nan aka sare darbejiyar, na ce yau zan ga bango duka daga gidanmu, sai aka tayar da bene a gurbinta. Silimar ma daga baya ta zama wurin ajiye diloli.

Yanzu kowa da bangonsa a tafin hannu. Jikata da ke sayar da leshi a Kwari takan zo ranar Juma'a ta kunna mini finafinan da a wayarta, waɗanda aka sa wa Hausa. Rannan sai ga shi, da ƙuruciyarsa da kunnuwansa, an ba shi wata murya ta shashasha mai magana ta hanci. Na ce ta kashe muryar. Na sa babban yatsa na rufe mata tsakiyar wayar. Ta ce, "Hajiya, ai kin rufe fim ɗin." Na ce ta duba abin da ya rage. Ta duba, ta daɗe tana dubawa. Daga baya ta ce in ina so yanzun nan za ta binciko mini sunansa na gaskiya, da garinsu, da ko yana raye. Na ce ta mayar da wayarta jaka.

Cikin waɗanda suka zauna a rumfar nan, maigidana ya tafi, 'yan'uwansa sun tafi, direban kiya-kiya ya riga su duka. Maman Uche 'ya'yanta sun ɗauke ta sun kai ta garinsu, bara ɗanta ya zo har gida ya yi mini gaisuwar rasuwarta, ya kawo mini tef ɗin awonta da ta ce a ba ni. Saura Yaya, tana Rijiyar Lemo wurin ɗanta, kunne ya tafi, amma in na je na dafe kunci sai ta yi dariya har ta yi tari. Saura wata maƙwabciyarmu guda a Kwaciri da ba ta gane mutane. Saura ni. Sai kuma Mai Lema, tunda ba wanda ya zo ya yi mini gaisuwarsa, ina lissafa shi a cikinmu. Mu huɗu ke nan.